Cire jan ƙarfen da ya manne a cikin bututun bindiga

Harsashin bindigar zamani darma ce da aka lulluɓe da ɓawon ƙarfe mai laushi, galibi na jan ƙarfe. Duk lokacin da aka yi harbi, zafi da gogayya suna kankare wani abu daga ɓawon, ya shafe cikin bututu, musamman a kan tudun zanen nan mai murɗewa da ke sa harsashi juyawa. Idan ya taru, bindiga ta daina saiti, kuma laima takan ɓuya a ƙarƙashinsa ta haifar da tsatsa.

Matsalar ta fi tsanani a farkon ƙarni na 20, lokacin da sojojin Birtaniya da na Amurka ke amfani da harsashi mai ɓawon jan ƙarfe gauraye da nikel a bindigogin Lee-Enfield da Springfield ta 1903. Wannan haɗin yakan daskare gunduwa-gunduwa kusa da bakin bututu. Daga baya aka koma ga haɗin jan ƙarfe da tutiya, kashi 95 da kashi 5, wanda ke barin shafe siriri kawai.

Amoniya ce maganinsa, domin tana narkar da jan ƙarfe. Sojojin Amurka na wancan zamani sukan toshe gindin bututu, su sanya guntun tiyon roba a bakinsa, su cika shi da ruwan amoniya mai ƙarfi har ya haura baki, su bar shi kamar minti 20 zuwa 30. Tiyon yana da dalili: inda ruwan ya haɗu da iska, a nan yake cin ƙarfen bututun kansa. Haka ma idan aka zuba shi a bututu mai zafi.

Yau aikin ya fi sauƙi. Bayan an tabbatar babu harsashi a ciki, sai a fara wanke baƙin alburushi, domin shi da jan ƙarfen hawa-hawa suke kwanciya, wani kan wani. Sannan a jiƙa farin ƙyalle da maganin cire jan ƙarfe, a tura shi da sanda daga gindi zuwa baki. Idan aka shigo ta baki, sandar tana goge gefensa, kuma lahani kaɗan a wurin ya isa ya karkatar da harsashi. Magani mai amoniya irin Sweet's 7.62 ba a barinsa ya wuce minti 15. A share da busasshen ƙyalle, a duba: shuɗi na nufin akwai saura. A maimaita har ƙyalle ya fito fari.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Burushin tagulla da ake goge bututu da shi, shi ma jan ƙarfe ne a jikinsa, maganin yana cinsa, sai ƙyalle ya yi ta fitowa shuɗi alhali bututu ya riga ya tsarkaka. Burushin nailan ake so. Amoniya kuma tana ɓata fentin kota da adon nikel, kuma ba a haɗa ta da bilic ko kusa, domin hayaƙinsu guba ne. A yi aikin inda iska ke shiga.

Akwai hanyar lantarki, irin na'urar Foul Out: a cika bututu da ruwan magani, a zura siririyar sandar ƙarfe mai zobban roba don kada ta taɓa jikinsa, wuta mara ƙarfi ta janyo jan ƙarfen ya koma kan sandar. Man gogewa mai ɗan kaushi yana fitar da mai taurin kai, amma yawan sa shi yana cin zanen.

Bututun da aka wanke da amoniya ba shi da sauran maiƙo, yana iya yin tsatsa kafin gari ya waye. Dole a busar da shi, a shafa masa mai nan take, a kuma share man kafin harbi na gaba.