Tsadar kaya da ƙayyade farashi: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Me ya hana gwamnati yanke farashin buhun shinkafa kowa ya huta?

An gwada. A 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, an tilasta wa 'yan kasuwa sayarwa a farashin gwamnati. Madara, sukari da sabulu suka ɓace daga kantuna, jama'a suka koma bin dogon layi, wanda ya samu kuma ya juya ya sayar a bayan fage da tsada. Dokar ba ta ƙara ko kwano ɗaya a kasuwa ba.

Ba 'yan kasuwa ne suka jawo tsadar ba?

Wasu da hannunsu, amma ku daina ɗora musu komai. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Dala kuma daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin mota, taki da maganin feshi duk can suka bi.

Na sayi masara da kaka na ajiye zuwa damina. Ɓoye kaya nake yi?

Nan kam sai an bi a hankali, Malam. Ajiya kanta ba laifi ba ce. Da kowa zai zubar da amfaninsa a kasuwa lokacin girbi, da manomi ya sayar a wulaƙance, ga watan Agusta kuma babu ko tsaba. Mai ajiya yana biyan hayar sito, yana sayen maganin ƙwari, jarinsa na kwance wata shida, kuma yana iya faɗuwa. Waɗanda suka tara masara da tsada suka ga farashi ya karye a 2025 sun san wannan.

Amma akwai iyaka, ko da yake ba a zana ta da alli ba. In buhu ashirin ne naka cikin dubban da ke kasuwar hatsi ta Dawanau, ba ka isa ka motsa farashi ba, ka kwantar da hankalinka. In kuwa ku kaɗan ne kuka kwashe abin da ke garin, kuka haɗa baki kuka kulle sito alhali mutane na kwana da yunwa, wannan shi ne ihtikari da hadisi ya yi hani a kai. Irin zargin da ya sa hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe ta Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau a Fabrairun 2024 ke nan, duk da 'yan kasuwar sun musanta. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi: ya danganta da yawan kayanka, da halin da gari ke ciki, da niyyarka. In ka ji zuciyarka na fatan fari, ka fito da kayan.

Masana tattalin arziki fa, me suka tsinana mana?

Aikinsu su faɗi wanda kowane mataki zai faɗa wa a ka. Sun yi gaskiya cewa tallafin mai na cinye baitulmali, man kuma na tsallaka iyaka. Laifin da nake ba da yawansu shi ne ba su kafe kan a tanadi sufuri da abinci kafin a cire ba.

Wato a sakar wa kasuwa mara?

Wa ya ce haka? Tauye mudu, algus da haɗa baki a kan farashi duk aikin hukuma ne ta hukunta. Don haka aka kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasa a kasuwa da kare haƙƙin masu saye, kuma kowa na iya kai mata ƙara.