Zaɓen Sabon Ƙwai da Fahimtar Rubutun Jikin Kwalinsa

Ƙwai yana fara tsufa tun daga ranar da kaza ta saka shi, ko da ɓawonsa bai nuna komai ba. A karkarar Kano da Jigawa iri uku aka fi ci: ƙwan kajin gida, ƙwan kajin gidan gona da ake sayarwa a kiret mai cin guda 30, da ƙwan zabi wanda ke cika kasuwanni irin su Wudil ranar Juma'a da Maigatari ranar Alhamis da zarar damina ta kankama. Mafi yawan wannan ƙwai ba ya zuwa da rubutun komai, don haka mai saye ya dogara ne da idonsa da hannunsa da amanar mai sayarwa.

Yadda ƙwai ke tsufa

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan danshin ciki ke fita, iska kuma ta shiga ta taru a wani gurbi da ke ɓangaren mai faɗi. A ƙwan da aka saka yau gurbin ƙarami ne ƙwarai, amma kullum sai ya ƙara girma. Farin ƙwan yana tsinkewa, gwaiduwar tana saki. Zafi ne ke gaggauta wannan duka. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a wannan yanki, ƙwan da zai yi makonni lafiya a lokacin hunturu yana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki.

Ƙwan gida yana da wata matsala tasa. Tunda kajin suna yawo tare da zakara, yawancin ƙwansu na ƙyanƙyasa ne. Kaza tana kwanci kwana 21 a zafin da ya kai kusan digiri 37 da rabi, ɗakin kwano kuma da tsakar rana a bazara bai yi nisa da haka ba. Shi ya sa ƙwan da aka bari a akurki ko a lungun ɗaki kan fara jijiyoyin jini, idan ɗan tsakon ya mutu a ciki ya zama ɓaragurbi.

Hanyoyin gwaji

Gwajin da aka fi sani shi ne na ruwa, kuma masu sayar da ƙwan zabi da yawa kan ajiye kwanon ruwa a gefensu saboda shi. Sabon ƙwai yana nutsewa ya kwanta a gindin kwano. Wanda ya ɗan daɗe yakan nutse amma ya ɗaga ɓangarensa mai faɗi, ko ya tsaya a tsaye. Wannan ana iya ci idan aka dafa shi sosai. Wanda ya taso saman ruwa ya daɗe ƙwarai, barinsa ya fi. Sai dai gwajin yana nuna shekarun ƙwai ne kawai, wato girman gurbin iskarsa, ba ya nuna ko ƙwayar cuta ta shiga. Kuma ƙwan da aka tsoma a ruwa ya kamata a yi amfani da shi da wuri.

Haskawa ta fi nuna abin da ke ciki. A dunƙule hannu a kan ƙwan a ɗaga shi saitin rana, ko a haska shi da tocilar waya a ɗaki mai duhu. Mai kyau zai yi haske garau, da inuwar gwaiduwa a tsakiya. Idan aka ga jan zare-zare, ko baƙin tabo, ko duhu ya rufe shi, a mayar wa mai shi. Ƙwan zabi yana da wuyar haskawa saboda kaurin ɓawonsa, kaurin nan ne kuma ya sa yake jure tafiya a bayan babur fiye da na kaza. Wasu kan girgiza ƙwai kusa da kunne, in ya yi ƙarar ruwa an san ya tsufa.

Hukunci na ƙarshe yana wurin fasawa. Ƙwararren mai shayi ba ya fasa ƙwai kai tsaye a kan waɗanda ya riga ya kaɗa, sai a wani kofi daban, don ɓaragurbi ɗaya ya isa ya jawo asarar duka. Gwaiduwar sabon ƙwai tana tsayawa a dunƙule, farinsa mai kauri ya kewaye ta. Na tsoho bajewa yake yi kamar ruwa. Ɗan ɗigon jini a jikin gwaiduwa ba lalacewa ba ne, wata ƙaramar jijiya ce ta fashe a jikin kazar. Wari kuwa ba ya bukatar bayani.

Rubutun kwali

A manyan kantunan birnin Kano akan ga ƙwai a rufaffen kwali da sunan gona da kwanan wata. Abin da ya fi amfani a ciki shi ne ranar da aka zuba ƙwan, sai ranar da ake so a cinye kafin ta, wadda akan rubuta da haruffan BB ko EXP. A ƙasashen Tarayyar Turai ba a yarda wannan rana ta wuce kwana 28 daga sakawa ba, kuma kowane ƙwai yana ɗauke da hatimi: lamba 0 na nufin kiwo ba tare da sinadaran zamani ba, 1 kajin da ke fita waje, 2 na cikin ɗaki, 3 na keji, sai haruffan ƙasa da lambar gona. Girma ma a gram ake auna shi, babba daga 63 zuwa 73, matsakaici daga 53 zuwa 63. A Amurka ana raba ƙwai daraja AA da A da B, ana kuma rubuta ranar zubawa da lamba uku, 001 ita ce 1 ga Janairu.

Kiret ɗin takarda da ke yawo a kasuwanninmu kuwa ana ta sake amfani da shi, don haka sunan gonar da ke jikinsa ba shaida ba ne. Tambayar da ta fi amfani ita ce yaushe aka kawo kayan, kuma ina aka ajiye su. Kiret ɗin da ya wuni a rana a bakin titi ya tsufa fiye da kwanakinsa. Launin ɓawo, fari ko ja, jinsin kaza ne ke kawo shi, ba ya ƙara amfani. Jan gwaiduwar ƙwan gida kuwa daga ganye da ciyawar da kazar ke tsattsaga yake.

Ajiya

Kada a wanke ƙwai sai za a yi amfani da shi. Kaza tana saka shi da wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawo, wanki yana cire shi ya buɗe hanya ga ƙwayoyin cuta irin su salmonela, wadda ke kawo zazzaɓi da gudawa. A Amurka ana wanke ƙwai tun daga gona, dole a sa shi a firji. A Turai ba a wankewa. Idan akwai kashin kaza a jiki, a goge da busasshen tsumma. A jera shi tsinin yana ƙasa, a wuri mafi sanyi a gida, kamar gefen randa, nesa da kananzir da daddawa domin ƙwai yana ɗaukar wari. Firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa yana sa ƙwai ya yi gumi, danshin kuma yana taimaka wa ƙwayar cuta ratsa ɓawo. Wanda ya tsage a soya shi a ranar, har gwaiduwar ta daskare, musamman idan yaro ko mai juna biyu ko tsoho ne zai ci.