Aikin da ɗalibi ya ƙirƙira a jami'a, na wa ne?

Kowace shekara ɗaliban Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano suna rubuta wasan kwaikwayo, su tsara waƙoƙi, su ɗauki gajerun finafinai don neman maki. Da yawansu sun ɗauka da zarar sun miƙa wa malami, shi ke nan aikin ya fita daga hannunsu. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988, tana goyon bayan ɗalibin.

Haƙƙi yana tabbata tun lokacin da aka zuba aikin a takarda, ko kwamfuta, ko aka naɗi muryar. Ba sai da rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana yi wa mai so, kuma takardar tana rana idan aka zo neman shaida. Abin da doka ba ta karewa shi ne tunani zalla. Ka zauna a majalisa ka zayyana labarin da ke ranka, wani ya riga ka rubuta shi da nasa kalmomin, to ba ka da ƙara.

Wanda ya ƙirƙiri aiki shi ne mai shi na farko, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Jan biron malami a gefen shafi da shawarwarinsa abin godiya ne, amma ba sa mai da shi marubucin. Saboda haka ɗalibi ya karanta duk takardar da makaranta ta ba shi ya sa wa hannu.

Inda aka fi yin kuka shi ne fim. A idon doka mai fim shi ne wanda ya shirya yin sa, wato furodusa, in dai ba a rubuta wani sharaɗi ba. Yarinya ta kwana tana rubuta labari, ta kai Zoo Road, matattarar masu shirya finafinai a Kano, a ce mata "haba ƙanwata, ai mu ɗaya ne", a sallame ta da kuɗin mota. Wannan yana ci mini rai. Ya kamata ta sani cewa sayar da haƙƙi ba ya inganta sai a rubuce, kuma ko ta sayar tana da ikon a ambaci sunanta. Kariyar rubutu da waƙar da aka tsara tana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Ta fim shekara 50 ce daga fitowarsa.

Dokar ta bar ƙofa ga ilimi: ɗauko wani yanki don nazari, bincike ko sharhi ya halatta. Kwafe littafi sukutum a shagon fotokwafi ana sayarwa kuwa satar fasaha ce. Wanda aka ɗora aikinsa a intanet ba izini yana iya rubuta wa masu shafin su sauke shi.

Saura shugabannin sassa. Fim ɗin da ɗalibai goma suka yi da kyamarar sashe, wa zai ba da izini idan gidan talabijin ya nema, kuma ina kuɗin za su? Ya kamata kowane sashe ya rubuta wannan ƙa'ida, a raba wa ɗalibai tun kafin a fara ɗauka.