Me ake nufi da karanta jerin DNA a ragowar shaida?

Ragowar DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki) ita ce ɗan abin da jiki ke bari a kan abin da mutum ya taɓa: ƙotar wuƙa, bakin kofi, wuyan riga. Ƙwayar halitta ɗaya tana ɗauke da kimanin fikogiram 6 na DNA (fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram), don haka samfurin fikogiram 100 ƙwayoyi goma sha wani abu ne kacal.

Ana goge wurin da jiƙaƙƙiyar auduga, a bi da busasshiya, a tace DNA ɗin, a auna yawansa, sannan a ninka shi da hanyar PCR, wadda ke kwafar DNA zagaye bayan zagaye. Tsohuwar hanya tsawo kawai take aunawa a wuraren da haruffan DNA ke maimaita kansu, wato STR. CODIS, rumbun bayanan DNA na Amurka, yana dogara da 20 daga cikinsu tun 2017. Amma gutsure biyu na iya zama tsawo ɗaya, haruffansu kuwa daban.

Karanta jeri shi ne bin haruffan A, C, G da T ɗaya bayan ɗaya. Na'ura irin MiSeq FGx tana karanta miliyoyin gutsattsari lokaci guda, shi ya sa take taimakawa wajen rarrabe DNA ɗin mutum biyu ko uku da suka cakuɗe. Idan zafi ko danshi ya daddatsa DNA, sai a nemi gajerun wurare. Gashi marar saiwa kuwa, DNA ɗin maitokondiriya (sassan ƙwaya masu samar da kuzari) ake dubawa, mai haruffa 16,569, domin kwafinsa na da yawa a kowace ƙwaya. Sai dai ta wajen uwa ake gadonsa, ba zai bambanta wa da ƙaninsa 'yan uwa ɗaya ba.

Inda aikin ke ɓaci shi ne wajen ninkawa. Mutum yana da kwafi biyu a kowane wuri, na uwa da na uba. In samfuri ya yi kaɗan, ɗaya na iya ɓacewa. Ƙara zagayen PCR daga 28 zuwa 34 yana fito da abin da ya ɓuya, yana kuma ninka duk wani gurɓata da ya shigo.

Wannan gurɓatar ce abin tsoro. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mace da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, har da Ostiriya da Faransa. A 2009 aka gano na wata ma'aikaciya ce a masana'antar da ake shirya audugar gogewar.