Filtar takardar bayan gida a injin mota: ga amsoshinku gaba ɗaya

Tun ranar da wani direba ya kawo Land Cruiser garajina nan Tahoua, na buɗe wani gwangwanin ƙarfe a gefen inji na zaro naɗin takarda baƙi ƙirin yana ɗigar mai a gaban mutane, ban sake hutawa ba. Kowa ya zo sai ya tambaya, kuma tambayoyin nan dai su ne ba sa canzawa. To ga su nan na tara, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Da gaske takardar bayan gida ce a ciki?

Ita ce. Naɗi guda, ana cusa shi cikin gwangwani a rufe. Ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1950 ake sayar da irinta a Amurka, wadda aka fi sani sunanta Frantz.

Ba za ta narke ta toshe inji ba?

A'a. Ruwa ke narkar da takarda, mai ba ya narkar da ita. Zuba baƙin mai a kofi ka jefa guntun takarda, gobe ka zo ka duba, tana nan yadda ka bar ta.

To in cire filtar motata in sa wannan?

Kada ka kuskura! Wallahi wannan tambaya ita ta fi tayar min da hankali, don wanda ya yi haka inji zai kashe. Filtar da mota ta zo da ita duk man da famfo ya tura ta cikinta yake bi kafin ya kai ga ƙarafan inji, shi ya sa ƙofofinta suke da ɗan faɗi don mai ya wuce da sauri. Ita ta takarda a gefe take, kaɗan take ɗiba, wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka, ta wata 'yar ƙofa ƙarama, man ya ratsa naɗin daga wannan kai zuwa wancan a hankali, sannan ya koma ƙasan inji inda mai ke taruwa. Ko ta toshe gaba ɗaya inji ba zai rasa mai ba. Ƙari ce a kan ta asali, su biyu suke aiki tare.

In haka ne me take ƙarawa?

Ƙananan datti. Gashin kanka kaurinsa wajen maikiron 70 ne. Filtar mota ta yau da kullum tana kama abin da ya kai 20 zuwa 40, na ƙasa da haka da yawansa wucewa yake, kuma shi ne yake shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe yana ci kamar yashi. Takarda da aka naɗe da ƙarfi tana kama na ƙasa da 10, tana kuma shan ɗan ruwan da ya shiga mai. Mu da ƙurar hunturu ke shiga mana har cikin tuwo ai ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Kowace takarda a kasuwa za ta yi?

Ba za ta yi ba. Mai laushin nan mai ƙamshi da zane-zane, wadda in ka matsa ta da hannu take lotsewa kamar burodi, bar ta. Kana son mai tauri, mai falle ɗaya, wadda aka naɗe tsam, kuma ta cika gwangwanin har sai ka tura da ƙarfi. Ramin kwalin tsakiya ma dole ya kama bututun ciki, in ya yi sako-sako man zai bi ta nan ya wuce bai taɓa takarda ba, ka yi aikin banza. Gwangwanayen nan a kan girman takardar Amurka aka ƙera su, namu na kanti sau da yawa sun fi gajarta. Ka tafi da gwangwanin kanti ka gwada, ba abin kunya ba ne.

In na sa ta, shi ke nan na daina bidanji, wato juyen mai?

Yauwa, nan ne maganar take, kuma na san saboda wannan yawancinku kuke tambaya, kuɗin mai ya yi tsada kowa na neman sauƙi, ban ga laifinku ba. Masu sayar da ita suna cewa ka riƙa canza takarda kawai duk kilomita 3000 zuwa 5000, ka cika man da tsohuwar takardar ta shanye, wajen lita ɗaya, shi ke nan mai zai daɗe ƙwarai. Akwai gaskiya a ciki, don litar nan da kake ƙarawa kowane lokaci sabon mai ne yana sabunta na ciki kaɗan kaɗan. Amma ɗan'uwa datti ba shi kaɗai ke kashe mai ba. A cikin baƙin mai akwai sinadaran da kamfani ya zuba, masu kashe tsami, masu wanke inji, masu hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma ƙarewa suke da aiki, takarda ba ta mayar da su. Zafi ma yana dafa mai, ka tuna watan Afrilu da Mayu nan zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin inji da kaya a kan hanyar Agadez. Sannan in injinka ya tsufa gazuwal ko esansi na zubowa cikin mai yana tsinka shi, wannan takarda ba ta raba su ko kaɗan, man zai fito fes a ido alhali ya zama ruwa.

Waɗanda suke kai mai nesa a ƙasashen waje, ɗiban man suke a 'yar kwalba su aika a auna musu, sakamako ya nuna ko yana da sauran rai. Kai da ba ka auna ba da me za ka sani? Da ido? Ido ba ya ganin tsami. Don haka abin da nake gaya wa masu kawo min mota: in injinka lafiyayye ne, ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, man da kake saye na kirki ne a galan rufaffe ba na awo a bakin titi ba, kuma tafiyarka doguwa ce irin Tahoua zuwa Yamai ta Konni da Dosso, to kana iya ɗan ƙara tazara a kan abin da littafin motar ya ce, kaɗan, kana zaro sandar awo duk safiya kana shinshinawa. In ka ji warin gazuwal, ko ka ga man yana ƙaruwa da kansa, ko ya koma kalar shayi da madara, juye shi ranar, kada ka jira. In kuwa taksi ce mai tsaye-tsaye cikin gari, ko tsohon inji, ko motar da ke da garanti har yanzu, ka bi lokacin bidanjinka yadda yake, ribar da za ka samu ita ce injin ya daɗe. Ni dai ban taɓa ce wa kowa ya daina ba, kuma ba zan ce ba.

Na sa amma man har yanzu baƙi ne, an cuce ni?

Kwantar da hankalinka. In injin gazuwal ne, baƙin hayaƙinsa ya fi ƙanƙanta da abin da takarda ke kamawa duka. Taɓa gwangwanin bayan tafiya, in da zafi mai na bi, in ya yi sanyi takarda ta toshe, canza ta.

Moto fa, ko ƙaramin gurup?

Bar shi. Man da bai wuce lita ɗaya ba, juye shi kawai.

Yaron gida zai iya ɗaura min?

Nan ma sai na yi faɗa. Ana ɗibar man ne daga inda na'urar fitilar mai take, wurin da matsi yake, a mayar da shi ƙasan inji. Tiyo biyu ka ƙara wa motarka ke nan, kowanne kuma hanya ce da mai zai iya zubewa. Na taɓa zuwa janyo wata Hilux bayan Abalak, an sa mata tiyon ruwa na roba an ɗaure da waya, ya goga jikin ƙarfen hayaƙi ya fashe, man duka ya tsiyaye a kan yashi direba bai lura da jar fitila ba sai da inji ya cije ya tsaya. Mutumin yana zaune gefen hanya ya haɗa kai da gwiwa, motar ko biyan bashinta bai gama ba. A sa tiyon da aka yi don mai da zafi da matsi, a ɗaure shi nesa da wuta, a tada inji a tsaya a duba ɗiga.

Kuma kafin ka kashe ko dala a kan wannan, buɗe filtar iskarka ka gani. Rabin motocin da ke shigowa nan tasu ta yage ko an bubbuge ta an mayar har sau biyar, ƙurar da kake son takarda ta kama ta nan take shiga. Fara canza wannan tukuna, sannan ka zo mu yi maganar gwangwani.