Yadda Yanayin Ƙasa ke Ƙara Ƙarfin Girgizar Ƙasa

Girgizar ƙasa guda takan rusa gidaje a wata unguwa, ta bar maƙwabciyarta ko bango bai tsage ba. Sau da yawa dalilin yana ƙarƙashin harsashin ginin. Masana kan auna wannan bambanci unguwa-unguwa, su zana shi a taswirar haɗari domin injiniyoyi da masu tsara birane.

Igiyar girgiza tana gudu da sauri a cikin dutse mai tauri. Da ta haura cikin laka ko yashi sai gudunta ya ragu, ƙarfin da take ɗauke da shi ya taru a wuri kaɗan, motsin ya ƙaru. A ɗora malmalar tuwo da kwanon koko a faifai ɗaya a girgiza: tuwon zai bi faifan, kokon kuwa zai yi ta tangaɗi har ya zube.

Kowane shimfiɗin ƙasa yana da saurin kaɗawar da ya fi amsawa. Ana samunsa ta raba gudun igiyar da ninki huɗu na kaurin shimfiɗin. Laka mai kaurin mita 25 da igiya ke ratsawa da gudun mita 200 a sakan za ta fi kaɗawa sau 2 a sakan, wanda ya yi daidai da kaɗawar bene mai hawa biyar. Idan ƙasa da gini suka haɗu a sauri ɗaya, ɓarnar takan yi muni. Haka aka gani a birnin Meziko a 1985: cibiyar girgizar tana nesa da fiye da kilomita 300, amma benaye masu hawa 6 zuwa 15 da ke kan lakar tsohon tafki su suka fi rushewa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne Vs30, wato matsakaicin gudun igiyar a mita 30 na sama. A tsarin Amurka na kafin 2022, abin da ya haura mita 760 a sakan dutse ne, 180 zuwa 360 ƙasa ce mai ɗan tauri, abin da bai kai 180 ba kuwa ƙasa ce mai laushi. Don samun wannan adadi ana jera na'urorin jin motsi, galibi 24, a layi, a buga babbar guduma kan farantin ƙarfe, a lissafa gudun daga abin da suka naɗa. Wata hanyar, wadda wani masani ɗan Japan mai suna Nakamura ya yaɗa a 1989, na'ura ɗaya take buƙata: a dasa ta a ƙasa ta naɗi ƙananan motsin yau da kullum na kamar minti 30, a gwada motsin gefe da na sama-da-ƙasa, ƙololuwar da ta fito a zanen sakamakon ta nuna saurin kaɗawar wurin. Don sanin taurin ƙasa ana kuma haƙa rami a ƙirga bugun guduma mai nauyin kilo 63.5 da ake saki daga tsayin santimita 76, a ga sau nawa za ta buga kafin bututu ya nutse santimita 30.

Bauchi da Gombe maƙwabta ne, amma ƙasarsu ba ɗaya ba ce. Garin Bauchi yana kan tsohon dutse mai tauri, wanda marmara da ruɓaɓɓen dutse suka lulluɓe, sai fadamu a tsakani. A nan Vs30 kan yaudari mai awo. Shimfiɗi mai kaurin mita 8 da gudun mita 250 a sakan, idan yana zaune kan falalen dutse, matsakaicinsa zai nuna wuri mai kyau, alhali yana kaɗawa kusan sau 8 a sakan, daidai da gidaje masu hawa ɗaya ko biyu, waɗanda su ne mafi yawa a garin. Don haka bai kamata a tsaya ga adadi ɗaya ba. Gombe kuwa tana reshen Gongola na kwarin Binuwai, kan dutsen yashi da dutsen laka masu kauri. Wuraren da suka fi buƙatar awo a can su ne baƙar laka, bakin kwazazzabai da aka cike da ƙasa aka yi gini, da yashin gaɓar Kogin Gongola wajen Dadin Kowa. Sakakken yashi da ya ƙoshi da ruwa yakan koma kamar kunu a girgiza mai ƙarfi, gini ya nutse ko ya karkace, kamar yadda ya faru a Niigata ta Japan a 1964. Saboda haka a ƙarshen damina ya dace a auna zurfin ruwan ƙasa.

Janareta, injin niƙa da manyan motoci suna ɓata awon na'ura ɗaya, domin sukan haifar da siririyar ƙololuwa da ba ta ƙasar ba ce. Shi ya sa ake fita aikin da dare ko da asuba. Iska mai ƙarfi da dasa na'urar kan ciyawa ko kwalta mai rami a ƙasa ma suna ɓata shi.

Girgiza a Najeriya ƙanana ne, irin ta Kwoi a 2016 da ta Mpape a Abuja a 2018. Cibiyar da ke bibiyar motsin ƙasa a Toro, jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, tana naɗar irinsu, kuma da bayanan tasha irin wannan da ke kan dutse ake gwada abin da aka auna a ƙasa mai laushi.