Sabuwar shekarar Sinawa: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa duk Janairu

Tambayoyin nan ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa, kuma yawancinku 'yan kasuwa ne masu hulɗa da Guangzhou da Yiwu. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan za a turo shi.

Yaushe ne bikin?

Tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ba ya fita daga nan. A 2024 ya faɗo 10 ga Fabrairu, a 2025 ranar 29 ga Janairu, a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. Su suna ce masa Chunjie, wato Bikin Bazara. Rubuta ka ajiye.

Tunda da wata suke lissafi, me ya sa ba ya zagaya shekara kamar azumi?

Saboda kalandarsu tana bin wata tana kuma bin rana. Duk bayan shekara biyu ko uku sai su ƙara wata na goma sha uku, sau bakwai a cikin shekara 19, don kada bikin ya bar ƙarshen hunturu. Shi ke nan.

Na tura kuɗin kaya, masana'anta ta daina amsa saƙo. An damfare ni ne?

Kwantar da hankalinka, Alhaji, mai yiwuwa mutumin yana ƙauyensu yana cin abinci da tsohuwarsa. Amma laifin naka ne. Wa ya ce ka tura kuɗi saura kwana goma biki? Hutun gwamnati kwana takwas ne zuwa tara, sai dai masana'antu ba da shi suke aiki ba. Ma'aikatansu 'yan ci-rani ne daga larduna irin su Sichuan da Hunan da Henan, suna fara tafiya tun saura mako biyu, wasu ba sa dawowa sai an wuce ranar 15 ga watan farko na kalandarsu. Zirga-zirgar da kanta, wadda suke kira chunyun, kwana 40 ake ware mata: 15 kafin bikin, 25 bayansa. Babbar kasuwar Yiwu ta saba buɗewa ranar 12 ga watan.

Abin da ba ku lura da shi: wasu ma'aikatan ba sa komawa tsohon wurin aikinsu sam, sai a ɗauki sababbin hannu. Kayan da aka fara yi bayan hutu su ne suka fi zuwa da karkataccen ɗinki ko launin da ba shi aka nuna maka ba. In kana son kaya su fita kafin biki, gama magana tun Nuwamba ko farkon Disamba.

To me ya sa yake matsa mini in cika masa kuɗinsa kafin hutu?

A al'adarsu ba a shiga sabuwar shekara da bashi a wuya, kuma shi ma ma'aikata na jiran albashi da ladan ƙarshen shekara. Biya shi. Kai kuma in shi kake bi, kada ka kuskura ka tambaye shi a kwanakin farko na bikin. Wannan cin fuska ne.

Mene ne na jan launi ko'ina?

Alamar sa'a da farin ciki ne. Akwai tatsuniyar wani dodo mai suna Nian da ke fitowa ƙarshen shekara, wai yana tsoron ja da wuta da ƙara, daga nan aka jingina wasan wuta da ake yi da tsakar dare. Birane da yawa sun hana ko sun taƙaita shi saboda hayaƙi da gobara, a ƙauyuka ne har yanzu ba a barci. A ƙofa za ka ga dogayen jajayen takardu biyu, dama da hagu, da gajeriya ɗaya a sama, ɗauke da baitocin fatan alheri. Harafin fu na albarka kuma wani lokaci a kife ake manna shi. Kada ka gyara musu, da gangan ne: a harshensu "kife" da "iso" lafazinsu ɗaya, ana nufin albarka ta iso.

Ibada ce ko al'ada?

Akwai duka biyun, ya danganta da gida. Ranar 23 ga watan ƙarshe na kalandarsu a arewa, 24 a kudu, wasu gidaje na sallamar abin bautar murhu da alewa mai danƙo, wai don ya faɗi alheri kawai idan ya kai rahoto sama. Ana kunna turare ga kakanni, ana ajiye musu abinci. A gidaje da yawa na birni kuwa abin da ya rage shi ne cin abinci tare da kallon shirin gidan talabijin na gwamnati, CCTV, da ake yi duk jajiberi tun 1983. Hukuncin halarta ka tambayi malaminka, ba ni ba.

Abokin cinikina ya gayyace ni gidansu cin abincin jajiberi. Me zan kai, me zan ci, kuma sai na ba da jan ambulan?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta. Da farko ka san girman abin. Liyafar jajiberi, nianyefan, ta iyali ce zalla, saboda ita mutum ke kwana a jirgin ƙasa. Wanda ya kira ka cikinta ya ɗauke ka na gida. In ba za ka je ba, faɗa da wuri, kuma ka kawo dalili.

Maganar abinci ka gama ta kwanaki kafin ranar, kada ka bari sai an jera kwanuka. Cewa "ba na cin alade" bai isa ba, domin uwar gida za ta cire naman da ido ke gani ne kawai. Jiaozi, ƙullin fulawar nan da mutanen arewa ke naɗewa tare a daren, galibi naman alade ne da kabeji a ciki. Kifin da kake ganin ba shi da matsala, sau da yawa an zuba masa giyar girki don kashe ƙarni. Romon miya kan zama na ƙashin alade, wasu kayan zaƙin kuma da kitsensa ake haɗa su. Kalmar da za su gane ita ce qingzhen, ita ce rubuce a ƙofar gidajen abincin Musulmin Hui, irin masu taliyar Lanzhou da ke ko'ina a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. Amma ko sun gane, gidan da ba na Musulmi ba ba shi da tukunya ta daban, kuma kazarsu ba yankan Musulmi ba ce. Abin da ya fi sauƙi: ka roƙi kifi ko jatan lande da aka turara ba giya, da ganye da man gyaɗa, da farar shinkafa. Wasu kan zo da kwano ɗaya daga gidan abincin halal a ci tare. Yawancin masu gida ba sa jin haushin haka idan an sanar da su, ko da yake akwai tsohuwar da za ta ga kamar an raina girkinta. Ɗanta ne ya san halinta, shi za ka tambaya.

Giya za a miƙo maka, baijiu, mai ƙarfin da kan kai kashi 52 cikin ɗari. Ɗaga kofin shayinka, suna da al'adar karɓar shayi a madadin giya. Idan za ku haɗa kofi da dattijon gida, bakin naka ya kasance ƙasa da nasa.

Kifin da ke tsakiyar tebur ba a cinye shi. Sunansa, yu, lafazi ɗaya ne da "rara", don haka ana barin saura ya kwana. A garuruwan bakin teku ba a juya shi, ana ɗage ƙashin ne a ci na ƙasa, saboda masunta na ganin juyawar kamar kifewar jirgi. Kada ka soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, haka ake kafa turare ga mamaci. Idan haƙorinka ya ci karo da kwabo cikin jiaozi, da gangan aka sa shi, alamar sa'a ce, murna za a taya ka.

Tsaraba: lemon tanjarin, kwalin shayi mai kyau, dabino, ko kayan zaƙi a jan kwali. Adadi ya zama bibbiyu, shida ko takwas, ban da huɗu, don lafazinsa ya yi kusa da "mutuwa". Ban da agogon bango ko na tebur, domin "ba da agogo" yana fita kamar "raka gawa". Ban da lema, wuƙa, takalmi, farin fure, da koriyar hula ga magidanci, wadda ke nufin matarsa na cin amanarsa. Kilishi kuwa ka bar shi a gida, kwastan ɗin Sin ba sa barin a shiga da nama. Za su ƙi karɓar kyautar sau ɗaya ko biyu, ka nace, ka miƙa da hannu biyu.

Sai jan ambulan, hongbao. Kamar goron sallah yake: babba ke ba yaro, mai aiki ke ba iyayensa tsofaffi. Kai baƙo, yaran gidan kawai za ka ba. Nawa? Nan ne ba amsa ɗaya. A Guangdong, lardin da Guangzhou take, inda ake ce masa lai see, kuɗin kaɗan ne, yuwan 10, 20 ko 50, amma ana ba mutane da yawa, har mai gadi, kuma mai aure ne ke ba marar aure ko da ya girma. A Zhejiang, inda Yiwu take, da Shanghai da Fujian, ɗaruruwa ake sawa, yuwan 20 a can zai ba ka kunya. Idan ba ka da tabbas, 100 ko 200 ga kowane yaro ba ya zama abin magana a yawancin wurare, sai dai ka yi la'akari da cewa in an ba 'ya'yanka, ana sa ran ka mayar da kwatankwacinsa. Takardun su zama sababbi, ba tsaba, kowane yaro daidai da ɗan'uwansa, ka kuma riƙe ambulan biyu ko uku na ko-ta-kwana don 'ya'yan dangi. Farar ambulan ta ta'aziyya ce. In kai aka ba, karɓi da hannu biyu ka sa aljihu, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa.

Duk wannan, matasan birni da yawa dariya za su yi su ce ba komai. Ba don su kake kiyayewa ba, don kakarsu ce da ke zaune a kan tebur.

Ana iya turawa ta waya?

Ana iya, WeChat ta fito da shi tun 2014, iyakar ambulan ɗaya yuwan 200. Ga abokin ciniki, 88 ko 168 da gaisuwa ya wadatar.

Gaskiya ne ba sa shara?

Ranar farko, e. An riga an share gida kakaf kafin jajiberi, wanda ya ɗauki tsintsiya ranar ɗaya ga wata ya share arziki waje. Ba wanke kai, ba almakashi, ba faɗa, ba zancen ciwo ko mutuwa. Rana ta biyu matan aure ke kai mazajensu da 'ya'yansu gidan iyayensu. Rana ta biyar ake fitar da bola, a tarbi abin bautar dukiya, wasu shaguna su buɗe. A arewa mutane da yawa ba sa aski duk watan, wai kawun mutum na wajen uwa zai mutu, sai ranar biyu ga wata na biyu a cika shagunan aski. Ranar 15 ake rufewa da bikin fitilu da tangyuan, curin garin shinkafa mai danƙo da riɗi a ciki.

Wace dabba ce tawa?

A kalandarsu kowace shekara da dabbarta, taka ita ce ta shekarar haihuwarka. Guda 12 ne: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira long, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, alade. 2025 maciji, 2026 doki, 2027 tunkiya, ƙirga baya da kanka. Wanda aka haifa a Janairu ko kafin 20 ga Fabrairu ya duba ranar bikin shekarar haihuwarsa, mai yiwuwa dabbar shekarar da ta gabata ce tasa. Kuma idan Basine ya tambaye ka dabbarka, shekarunka yake lissafawa.

Me zan ce masa?

Xinnian kuaile, barka da sabuwar shekara. Ga ɗan kasuwa, gongxi facai, fatan arziki, a bakin mutanen Guangdong kung hei fat choi. Tura ranar jajiberi ko ranar farko, kuma don Allah kada ka liƙa "ina maganar kayana?" a ƙarƙashinsa.